Dawar Kaka da Muka Cinye

Mafara zuwa Bakura

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida ranar Alhamis, ina idar da sallar asuba. Baffa Nomau, yayan mahaifina da ke Damaga, ya aiko in kai masa ajiyarsa, ni kuwa ba ni da ita.

Shekara biyu da suka wuce ya aiko mini da zangarniya shida na jar dawa, hayaƙi ya yi musu baƙi, tare da saƙon in je ya yi mini bayani. Sau uku yana kira ina cewa sai an yi hutu. Muka ɗauka tsaraba ce, maiɗakina ta sussuke ta yi mana tuwo. Ashe al'adarsu ce manomi ya ajiye iri a wani gari, don in na gida ya salwanta a samu na komawa. Wannan kuwa irin kakanmu ne, mai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Damina biyu Baffa bai shiga gonar daji ba saboda rashin tsaro, na rumbu kuma ƙwari suka gama da shi.

Dabara ta ce in fara zuwa Bakura neman makamanciyar dawar. Muka cika mota mu takwas har da akuya, aka tsayar da mu sau ɗaya a shingen sojoji. Bakwai da rabi ina rumfar wani dattijo mai sayar da hatsi.

"Mi kaka nema, ɗana?"

Na kwatanta masa. Ya auna mini tiya ɗaya, ya ce, "Ja dai ja ta. Amma in tsoho za ka kai ma, kak ka ce ni nib ba ka."

Maradun zuwa Damaga

Na komo Mafara, na hau wata motar, sha ɗaya da kwata muna Maradun. Na ci ƙosai a tasha. Mai babur ɗin da zai kai ni Damaga ya ce in zan komo a ranar, to kafin la'asar, shi ba ya yamma a hanyar nan.

Na tarar da Baffa a zaure, ya rame, idonsa ya yi rauni. Muka gaisa har na ƙosa, ya tambayi kowa da sunansa. Sannan na miƙa masa ƙunshin dawar. Bai tambayi dalilin da ya sa ta zo a sussuke ba. Ya ɗauki ƙwara ɗaya ya sa a haƙori, ya ajiye.

"Sani, wagga ta kasuwa ta. Ina wadda nib ba ka?"

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa. Na so ya yi faɗa, da na samu sauƙi. Sai ya shiga koya mini abin da ya so koya mini tun farko: yadda ake zaɓen zangarniya tun tana tsaye a gona, a ɗaure, a rataye saman murhu. Ya yi bayanin dalla-dalla, alhali babu irin da za a rataye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da mai babur ya yi hon, Baffa ya riƙe hannuna.

"Tuwon ya yi daɗi?"

"Ya yi, Baffa."

"To madalla. Ku na na ƙarshe da kunka ɗanɗana ta."

Gida

Biyar da rabi na iso Mafara lafiya, na gode wa Allah, na gode wa mai babur da ya jira ni. Tiyar Bakura tana hannuna, don Baffa ya ce in kai wa yara su ci, shi ba zai shuka abin da bai san uwarsa ba.