Ranar da Lelya Veska Ta Zare Waya

Kowace safiya Veselina Dobreva takan ɗora kofi a wuta, amma ba ta kai shi baki sai ta leƙa ɗan ɗakin da ke ƙarshen gidanta. Can akwai wata tsohuwar kwamfuta mai launin toka, girmanta ya kai akwatin kayan amarya, nauyinta sai ƙarti biyu. Veska, kamar yadda muke kiranta, takan ɗora tafin hannu a murfinta ta ji ɗumi, ta kasa kunne ga kukan fankarta, sannan ta zauna ta duba abin da ta aikata tun jiya. In komai lafiya, sai ta koma ga kofinta, wanda ya riga ya huce.

Mu da muke bene ɗaya da ita a nan Stara Zagora mun daɗe muna jin wannan kuka ta bango. Yara suna ce mata Lelya Veska, kamar yadda ake ce wa kowace dattijuwa mai mutunci. Ta yi aiki a masana'antar ƙera kayan kwamfuta har ranar da aka sa wa ƙofar kwado. Da aka zo sayar da tarkacen wurin a matsayin ƙarfen awo, sai ta tsamo wannan guda ɗaya, ta sa aka hawo mata da ita hawa na biyar. Mijinta, Bai Stoil, tsohon direban bas, ya raɗa mata suna Suruka. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "To me za ka kira wadda ta tare a gidanka ba gayyata, ta cinye ɗaki guda, kuma bakinta ba ya mutuwa?"

Na daɗe ina son sanin me take yi da ita, domin ba wanda ke biyanta ko sisi. Ga abin da na fahimta, bayan ta yi mini bayani sau da yawa ba ta gaji ba. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke tashinta ta kuma tafiyar da komai a cikinta. Akwai wasu mutane warwatse a duniya, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, suna rubuta irin wannan manhaja kyauta. Kowane irin kwamfuta da nasa zubin, kamar yadda tela ke yi wa kowa nasa awo. Kuma suna da doka: duk irin da ba a samu mai gwada masa sabon zubi a kan ƙarfe na gaske ba, to a share sunansa. Kamfanin da ya ƙera Suruka ya mutu tuntuni. A cikin wannan taro duka, Veska kaɗai ce ke gwada irinta.

Wata rana a bakin bene wata maƙwabciyarmu ta tare ta. Ta ce, "Veska, don Allah wa zai mutu in an share ta? Wayar jikana ta fi ta sauri sau dubu."

Veska ta ce, "Saurin ne matsalar. Sabuwar kwamfuta in an yi kuskure a manhaja sai ta tsallake, ba wanda ya sani. Tawa kuwa tsohuwa ce, da ta taka sai ta faɗi, ta yi ta ihu har a zo a gyara. In an gyara mata, an gyara wa kowa."

"To ke me kika samu?"

"Na samu na ji dalilin faɗuwar."

Matar ta girgiza kai ta wuce da kwandon tumatirinta. Ni kuwa amsar ta zauna mini.

Masu riƙon tsofaffin na'urori suna da wata al'ada: ba a kashe su. Akwatin da ke raba wuta a cikinsu in ya tsufa, yana iya yin shekaru yana aiki muddin da ɗuminsa, amma ranar da ya huce ba lalle ya sake tashi ba. Na Suruka kuwa ba a ƙera irinsa yanzu, ba a kuma samunsa ko a kasuwar tsofaffin kaya. Don haka in sabon zubi ya fito, Veska takan ɗora mata shi ta sa ta sake farawa daga cikinta, ba tare da an yanke wuta ba. Shekara goma sha wani abu ke nan wuta ba ta bar jikinta ba.

Mun shaida abin da wannan ya ci mata. Da kaka, lokacin da kowane gida ke gasa jan tattasai a baranda da tukunyar lantarki, wutar benenmu takan yi ta ɗaukewa. Veska ta sa Bai Stoil ya roƙo tsofaffin baturan bas wurin abokansa na gareji, suka jera su ƙarƙashin tebur. Bene duka duhu, mata na zagin juna ta taga kan wa ya kunna tukunya biyu, Suruka na ta kukanta. Ranar da aka yi wa jikarsu baftisma a Burgas, bakin teku, Veska ta tafi da safe ta dawo da yamma, ko ƙafa ba ta tsoma a ruwa ba. Bai Stoil bai yafe wannan ba har yau.

Ke ce, Veska, wadda ba ki taɓa barin sabon zubi ya fita ba ki gwada ba, ko da zazzaɓi a jikinki. Rahotonki kullum gajere: ta tashi, ta yi aiki. Har ya zama in kin faɗa ba mai sake tambaya.

Bara ne wani mutum mai suna Amandio ya rubuto wa taron daga Fotugal. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai ritaya, ya tsinci irin Suruka a wani sito, ya goge ta, ya ɗora mata sabon zubi, ta ƙi tashi. Mutanen taro suka ba shi haƙuri. Suka ce ta Veska na aiki sumul, tasa ce ta lalace, ya nemi mai sayen ƙarfe. Shi ma ya yarda. Ya rubuto saƙon ban kwana cikin ladabi.

Veska tana karanta wa mijinta saƙon tana fassara masa, suna karyawa da banitsa, gurasarmu mai cuku, da nono. Ta zo inda mutumin ya ce kullum da safe in ya jona waya a bango ya danna makunni, sai kwamfutar ta tsaya cak. Nan Veska ta ajiye cokali.

Bai Stoil ya ce, "Me kuma?"

"Jona waya yake yi. Kullum."

"To da me zai jona, da igiya?"

"Stoil, shi kashe ta yake yi. Daga sanyi yake tashinta. Ni yaushe rabon da in tashe ta daga sanyi?"

Ya yi lissafi da ido a rufe. "Tun ina da gashi."

Abin da ya faɗo mata a rai shi ne wannan. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan guntu mai kula da faifan ajiya, wanda dole a saita shi duk lokacin da wuta ta shigo. Wataƙila shekarun baya wani ya taɓa wurin da ke saita shi a cikin manhajar ya ɓata, ba da gangan ba. A wurin Veska ba za a gane ba, domin guntun nata bai taɓa rasa wuta ba, bai manta saitin da aka yi masa tun farko ba. Kowane sabon zubi yana zuwa ya tarar da murhu da wuta, ya ɗora tukunyarsa, ba a taɓa tambayarsa ko ya iya hurawa ba. In haka ne, duk rahoton da ta aika na shekarun nan gaskiya ne a ɗakinta kaɗai.

Hanyar sani guda ce: a zare waya, a bar Suruka ta huce. In kuwa ba ta tashi ba, ta Amandio ma ba ta tashi, ba sauran mai gwaji, sai a share irin gaba ɗaya.

Bai Stoil, wanda ya shekara goma yana roƙon Allah ya raba shi da Suruka, shi ne ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ya ce, "Matar nan, ki zauna. Wa ya tambaye ki? Mutumin ya haƙura, su sun yarda da ke. Ki yi shiru mana."

Ta ce, "Kai ba kai ne mai cewa in jefa ta ta taga ba?"

"Faɗa nake yi! Suruka ai zaginta ake yi, ba a kashe ta."

"Ya kusa sayar da tasa a kilo saboda maganata."

"In ta mutu fa? Me za ki riƙa yi da safe? Ni za ki riƙa dafawa ki ji ɗumi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ina son in sani, Stoil. In ban sani ba, duk safiya in na taɓa ta zan riƙa tunanin mutumin can."

Ta rubuta wa Amandio kada ya sayar, ya dakata. Ta kwafe tsohon zubi a wani faifai daban. Da safiyar Asabar ta kira ni in riƙe mata fitila, domin bayan teburin duhu ne. Za ta shiga ɗakin ke nan sai ga Bai Stoil da kofin ruwa, ya watsa a gabanta kamar yadda muke yi wa mai tafiya ko mai shiga jarrabawa, don al'amari ya gudana kamar ruwa.

Ta daka masa tsawa. "Ruwa kusa da batur? Kana da hankali?"

"A bakin ƙofa na zuba. Taka ki wuce, kada ki ɓata mana sa'a."

Ta taka ta wuce. Ta sallami manhajar, ta cire baturan, ta durƙusa. Na ga hannunta a kan wayar, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ta zare.

Ban taɓa sanin gidan nan yana da shiru irin wannan ba. Muna jin agogon falo, muna jin tattabaru a kan rufi. Muka zauna har murfin ya yi sanyi kamar dutse. Sai ta mayar da waya ta danna makunni. Ba komai. Bai Stoil ya yi alamar gicciye. Can sai fankar ta yi tari, ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa, ta kama kuka. Rubutu ya hau allo layi bayan layi, ya zo daidai wurin faifai ya tsaya cak, inda ta Amandio ke tsayawa.

Bai Stoil ya ce, "Shi ke nan, ta lalace."

Veska kuwa fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Ta ce, "Ba ta lalace ba. Ga shi nan! Ashe nan yake ɓoye."

A ranar ta rubuta wa taron, ba kwana-kwana. Ta ce Amandio ne da gaskiya, gwajinta ne ke da rami, domin ba ta taɓa tashinta daga sanyi ba. Ke ce kika rubuta wannan da hannunki, Veska, alhali ba wanda zai taɓa ganewa. Na ga manya da yawa a rayuwata, masu muƙami da masu takarda. Kaɗan ne a cikinsu za su tone aikinsu da kansu don wani baƙo da ya riga ya haƙura.

Neman wurin da ya ɓaci ya ɗauki makonni. Ta yi ta komawa baya zubi bayan zubi, kuma kowane gwaji sai an zare waya an jira ta huce. Duk zarewa Bai Stoil sai ya fita baranda, wai shan iska. Suruka ta yi ta tari tana tashi. Da aka gano wurin aka gyara, Amandio ya aiko da hoton tasa tana aiki, shi kuma yana tsaye kusa da ita da hular ma'aikatan jirgi. Tun daga nan taron ya ƙara tambaya guda ga duk mai kawo rahoto: daga ɗumi ka tashe ta ko daga sanyi?

Yanzu idon Veska ya yi rauni, ƙananan rubutu na yi mata rawa. Da can ko ta so miƙa aikin ba hali, domin ba a ɗaukar Suruka sai an kashe ta. Makon jiya Boryana, malamar makarantar koyon sana'a a Plovdiv, wadda ta karɓi aikin gwajin, ta zo da mota ɗaukar Suruka. Veska ta zare waya ba gardama. Bai Stoil ya watsa ruwa a gaban motar, ya ce wa Boryana, "'Yata, ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ba ta kuma son a yi mata gaggawa. In ta dame ki kada ki dawo mini da ita." Ya juya yana share ido, wai tattasan maƙwabta ne.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Boryana ce, ta kara wayar a jikin fankar Suruka. Veska da Bai Stoil suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna saurare.

Mun gode, Lelya Veska. Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki sauran ganinki. Ku kuma samari masu jefar da waya don ta shekara biyu, ku leƙa ɗakunan ajiyar iyayenku. In akwai wata tsohuwa a can ƙarƙashin ƙura, ku goge ta, ku nemi masu wannan aiki ku ce kun zo gwaji. Ba za a biya ku ba, ba za a san fuskarku ba. In kun gwada ku faɗi abin da kuka gani, ko da ya kunyata ku, kamar yadda ta yi.

Ita kam jibi za ta Burgas, kuma wannan karon da jakar kaya. Bai Stoil ya ce sai ya ga ƙafarta cikin teku da idonsa kafin ya yarda.