Daɓen da Yaya Mu'azu ya bari a bayan tasha

Shekara ashirin da huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Mu'azu, malamin firamare a Kaura Namoda, wanda 'yan gari suka fi sani da Malam Mai Kurket. Duk shekara in watan ya kewayo nakan soya waina in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na gani makon jiya a filin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

Wurin wani malaminsu Ba'indiye ya koyi wasan kurket a sakandare, ya dawo da shi gida kamar ciwo. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa biyansa. Shi ya share filin bayan tashar jirgi, shi ya sa kafinta ya sassaƙa katakon bugu, shi ke ɗinke ƙwallo in ta yage, ni kuma ƙanwarsa ni ke wanke fararen kayan 'yan wasa. Da aka ba mu jihar Zamfara, abokansa duk suka nufi Gusau neman kujera. Shi ya ce yana da yara. Yaran nan kuwa samari ne, 'ya'yan manoma daga Dauran da Zurmi da ke karatu a Kaura, da 'ya'yan ma'aikatan jirgi, da Fulanin rugagen hanyar Shinkafi da ya tsinto a kasuwar shanu. A cikinsu akwai Ja'e, dogon Bafillace mai hannun jifa, wanda Yaya ke cewa ko a mafarki bai taɓa ganin irinsa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon kurket tauri gare ta kamar dutse, kuma sai ta daki ƙasa ta tashi kafin ta isa wurin mai bugu. Don haka akwai wani zirin wuri a tsakiyar fili da dole ya zama sumul, ya yi ƙarfi. A manyan birane an ce inji ne ke danne shi. Mu ba mu da inji, muna da daɓe. Duk bayan damina Yaya kan kira gayyar mata, mu fito da madaɓanmu, a zuba marmara, a yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, mu jeru a durƙushe muna bugu muna waƙa kamar ana gyaran ɗakin amarya. Tsofaffi na yi masa tsiya.

"Mu'azu, wanga ɗaki naka yaushe za a yi mai bango? Amaryar a sarari za ta kwana?"

"Inna, ku dai daɓe. Amaryata ƙwallo ta, ba ta jin sanyi."

Sai Shari'a ta zo. Ni ina cikin matan da suka yi kukan murna, kuma har gobe ban yi nadama ba. Wasan Yaya ma bai sami matsala ba. Dattawa sun je sun duba, suka ga dogon wando, suka ga ana ajiye katako in an kira La'asar, suka sa albarka. Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ba wanda ya zo ya ce daɓe haramun ne. Tsoron baki ne ya kama mazajenmu. Maigidana ya ce, "Kulu, mi za a ce in an gane ku tsakar fili kuna waƙa, samari na kallo?" Haka kowane gida. Yaya bai yi musu da kowa ba. Ya zo ya zauna a tsakar gidana ya ce in koya masa, shi da yaransa za su yi.

Na faɗa masa duk abin da baki zai iya faɗa. Amma daɓe a hannu yake. Mace ta san ba ƙarfi ake so ba, naci ake so: a buga yau, a bar shi ya sha iska, gobe ya tsage a koma a rufe tsagar, jibi a sake, har ƙasa ta daina buɗe baki, in an ƙwanƙwasa a ji ta amsa a dunƙule. Su kuwa maza ne majiya ƙarfi. Suka zuba sabuwar ƙasa bisa tsohon daɓenmu, suka taru suka nannarke ta yini guda, suka ga ta yi sheƙi, suka ce an gama. Sama ta bushe, ƙarƙashi rami. Yaya ya zo yana fara'a ya ce, "Kulu, mun ƙwace maku sana'a."

Ranar da suka buɗe wasa, shi ya riƙe katako don ya nuna wa sababbi yadda ake tsayuwa. Ja'e ya yi jifa kamar yadda ya saba. Ƙwallon ta faɗa inda ƙasar ta ɓurma, maimakon ta zo daidai gwiwa sai ta yi sama, ta same shi a bayan kunne. Ya faɗi, ya tashi, har ya yi dariya. Da ƙafarsa ya dawo gida. Washegari amai ya fara.

Kafin a sami motar da za ta kai shi asibitin Gusau, zaure ya cika da dangi, kuma na ji maganar da ta fara yawo: ɗan Fulani ya jefe Malam. Wani ƙanen babanmu har ya ce a tsare yaron kafin ya shige daji. Ja'e kuwa yana rakuɓe a ƙofar gida tun safe, ko ruwa ya ƙi sha. Yaya ya ji. Ya sa aka kira baffan namu har bakin gadonsa, ya ce a shigo da Ja'e, ya kama hannun da ya yi jifar ya riƙe. Harshensa ya riga ya yi nauyi, amma kowa ya ji shi.

"Baffa, daɓen na. Ni na ɓata shi. Kowa ya taɓa yaron ga, ban yafe ba."

Bai kai Gusau ba. Ja'e na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi da mugun nufi.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Hanyar Shinkafi da yake bi da babur ɗauko 'yan wasa, yanzu sai an yi sallama da iyali kafin a hau ta. Biyu daga cikin yaransa na Dauran an kashe su a gona. Ja'e, na ji an ce an tare shi a wata kasuwa shekarun baya, ba a tambaye shi komai ba, kamanninsa kawai aka duba. Ban tabbatar ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya, don rugarsu babu ko turke. Wasu sun ce ƙannensa suna daji da bindiga. Allah Shi ne masani. Abin da na sani, maganar nan da aka fara a zaurenmu, wadda mutum guda ya kashe ta yana kan gadon mutuwa, ita ce yau ta cinye ƙasar, kuma ba a sami wanda zai riƙe hannun wani ba.

Makon jiya muka kai dafaffen abinci filin bayan tasha, inda waɗanda aka kora daga ƙauyukan Zurmi suka kafa bukkokin buhu da leda. Ruwa ya sauka, ko'ina caɓi. Sai na hangi mata sun jeru a wani ziri guda, wasu na shanya ɗan hatsin da aka ba su, wasu sun kwantar da jarirai. Na matsa. Ƙasar da maza suka zuba ta daɗe da wankewa. Tsohon daɓenmu ne ya fito, baƙi wuluk, ko tsaga babu.

Wata tsohuwa ta ga na tsaya ina kallo. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ta ce, "Ɗiyata, wanga aikin mata na. Nan muke salla, nan ɗai ruwa bai kwanciya. Amma wa ya daɓe ɗaki bai yi mai bango ba?"

Na ce, "Yayana ne, Inna. Ya rasu."

Ta ce, "Allah Ya jiƙan shi. Ya san muna tafe."

Bai sani ba. Shi wurin wasa ya yi wa 'ya'yan mutane, don ɗan manomi da ɗan makiyayi su yi jifa da bugu, a tashi a yi salla sahu ɗaya. Ƙungiyar wasan ta watse, katakan sun zama itacen girki, ba yaro ɗaya a Kaura da ya san sunan wasan. Abin da ya saura shi ne wannan zirin ƙasa, da kalmomin da ya faɗa wa Baffa, waɗanda a sanina ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji su. Shi ya sa na rubuta su, kada a binne su tare da ni.

Allah Ya gafarta wa Yaya Mu'azu. Ya jiƙan Ja'e in ya riga mu, in yana raye Ya tsare shi. Da aka kira La'asar ban koma gida ba. Tsohuwar ta matsa mini, na yi salla a gefenta, goshina bisa daɓen.