Zabbin Yaya Iliya

Bana shekara goma sha takwas ke nan da muka binne yayana Iliya, kuma sai a watan jiya na sake ganin aikin hannunsa, a wayar 'yata Rifkatu.

Akwai wani shafi da take bi a intanet, inda wani saurayi ke tara abubuwan ban sha'awa: yau tsohuwar waƙar garmaho, gobe hoton taurari, jibi gadar Kaduna tun tana sabuwa. Rannan sai ga hoton wata atamfa mai zabbi a jere cikin ganyen rama. Nan take na gane ta. A tsakar gidanmu a Romi aka zana zabbin nan, ni nake wanke masa burushi. A ƙasan hoton kuwa an rubuta wai ba a san wanda ya zana ba.

Yaya Iliya ya fi shekara ashirin yana zanen atamfa a wata masaƙa a Kakuri. Ƙa'idar aikin ita ce mai zane ya sa hannu a gefen takardarsa kawai. In zane ya hau yadi, sunan kamfani ne ke bakin zani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi bai damu ba. Ran Lahadi yakan tsaya a ƙofar coci yana kallon matan da suka ɗaura aikinsa, yana murmushi shi kaɗai.

Da sojoji suka koma bariki, har rawa ya taka, wai yanzu masaƙa za ta farfaɗo. Ba a jima ba aka garƙame ƙofarta. Ya dawo gida da akwati biyu na takardun zanensa, ya zauna. Hawan jini ya ƙarasa abin da zaman banza ya fara.

Da yana raye, me zai ce? Ina jin dariya zai yi, ganin dubban mutane na yabon zabbinsa alhali ko a kan titi ba su taɓa gaishe shi ba. Ni dai ban yi dariya ba, baƙin ciki ne ya tokare ni. Na sa Rifkatu ta rubuta wa mai shafin a madadina cewa aikin yayana ne, ga sunansa.

Yaron ya amsa da ladabi: "Mama, na yarda da ke. Amma ki turo hoton takarda ko guda mai sa hannunsa, sai in sa sunan."

Rifkatu ta ce, "Mama, ina akwatunan Kawu?"

Abin da ban taɓa gaya mata ba ke nan. Da aikin ya tsaya, ni na riƙe gidan da suyar ƙosai a bakin titi. Wata safiya takardar naɗe ƙosai ta ƙare, shi da kansa ya jawo akwati ɗaya ya ce, "Ɗauka, Ladi. Ko ba komai su yi wani amfani." Na karɓa, har ina yabon kaurin takardar, wai ba ta shan mai. Kafin shekara ta zagayo, akwati biyu sun tafi.

Gwamnatocin da suka bar masaƙu suka mutu, na zage su har na gaji. Amma da na sani ƙeya ce, kuma tawa ce. Zabbin za su daɗe a intanet ba da suna ba. Mutanen ƙarshe da suka ga sa hannun Yaya Iliya, 'yan Romi ne masu sayen ƙosai, kuma da shi suka goge yatsunsu.