Mai Ɗibar Jini da Yayarta

A asibitin kowa Anti Allura yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Shekara ashirin da biyu tana ɗibar jini a wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya da firji mai gurnani. Faɗa gare ta, amma hannunta akwai sanyi. Kafin ka gama yamutsa fuska ta manna maka auduga.

Da aka fara sabon bincike a sashen mata, ita ta kai kanta. Likita ta yi mata bayani cewa ƙwayoyin jiki kan saki wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna cikin jini, ɗauke da furotin da maiƙo. Ana fatan wata rana a duba su a gane kansar ƙwan mace tun tana ƙarama. Anti ba ta nemi ƙarin bayani ba. Wannan cutar ce ta ɗauke mahaifiyarsu, ba a gano ta ba sai da ta ci ƙarfinta. Tun daga lokacin take jin tsoro, ba don kanta ba, don Yaya, wadda ta goye ta ta kuma kai ta makaranta.

Binciken na buƙatar jinin marasa lafiya da na masu lafiya don a gwada. Sharaɗin guda ne, mace ta zo ba ta karya ba, don kada maiƙon abinci ya dagula lissafi. Anti ta bi maƙwabta da matan kasuwa tana lallashi. Yaya kuwa sai da aka yi wata huɗu ana fama, don ita ko allurar ɗinki a kaikaice take kallo.

Ran da ta zo, Anti ta rubuta lambarta a layin masu lafiya tana murmushi, ta ɗaure mata dantse da roba.

"To, sarkin tsoro, kin ci wani abu da safen nan?"

"Me zan ci?" in ji Yaya tana dariya. "Ni da wata biyu ke nan loma uku na ƙoshi. Ga ciki ya yi tulu, zanina da ƙyar yake zagayawa. Tsufa dai."

Anti ta ajiye allurar. Ta sha jin wannan maganar a kan kujerar nan, daga bakin matan layin marasa lafiya. Alamomin cutar da ta ɗauke mahaifiyarsu ke nan. Kullum suna waya, amma ba ta taɓa tambayarta abin da ta ci ba.

Ta kwance robar a hankali, ta shafa wurin da ya yi sawu.

"Har an gama? Kai, ƙanwata, ko ji ban yi ba!"

"Ba a fara ba, Yaya. Tashi mu je wurin likita."

"Yau? Na bar wanki a jiƙe."

"Ni zan wanke," in ji Anti. Ta rataya jakar Yaya a kafaɗa, ta riƙe hannunta gam, suka nufi ofishin likita.