Allin da na saƙalo daga lakwal

Shekarun baya can, tun Nasara na mulki, yayana ya gudu daga aikin dole. An zo ƙauyenmu kusa da Yekuwa ana ɗibar samari aikin hanya, shi kuwa ya tsallaka iyaka ya shiga ƙasar Ingilishi. Shekara uku babu labari. Ko da aka soke aikin dolen, bai ji ba, ko ya ji bai yarda ba. Mahaifiyata ta rame, kullum idonta na kan hanya.

Ni a lokacin na gama lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, ina ji da kaina ƙwarai. In na saƙala alli a kunne, gani nake kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, shi kaɗai ya fi ni. Sai na ce mata, "Inna, ki bar kuka, ni zan dawo miki da shi."

A bakin kasuwar Magarya akwai dakalin siminti inda ake awon gyaɗa. Duk mai jaki ko raƙumi da zai ƙetara iyaka, ta nan yake bi. Kowace ranar kasuwa nakan yi sammako in share dakalin, in rubuta sunan yayana da manyan baƙaƙe, a ƙasa in sa: aikin dole ya ƙare, ka dawo gida, Inna ba ta da lafiya. Da boko na rubuta, irin wanda mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana.

Mutane kuwa sukan taru su yi cirko-cirko, ni ina gefe ina hura hanci. Wata rana wani tsoho mai sayar da igiya ya kira ni ya ce, "Ɗana, me ya hana ka sa shi da ajami? Mu nan ba mai karanta wannan."

Na ce, "Baba, ai wannan shi ne rubutun zamani."

Ya dube ni, ya ci gaba da tufkarsa.

Damina biyu ina wannan aiki. Ruwa ya wanke, in sake, ƙafafu su goge, in sake. Duk sanda na je ƙauye sai mahaifiyata ta ce, "An karanta?" In ce, "An karanta, Inna." A damina ta biyu Allah ya yi mata cikawa.

Shekara huɗu bayan rasuwarta yayana ya dawo. Muna zaune a ƙofar gida, nake ba shi labarin dakalin, don ya san ban zauna haka kawai ba. Sai na ga ya ajiye ƙwaryar furar da ke hannunsa.

Ya ce, "Kai ne ka yi rubutun nan?"

Ashe ya taɓa zuwa. Ya biyo ayarin masu gyaɗa har Magarya, ya rufe fuska da rawani, da niyyar ya wuce ƙauye ya ga Inna. Ya tarar da taro a kan dakalin, ya tambayi wani abin da aka rubuta. Mutumin ya ce shi ma bai sani ba, amma rubutun Nasara ne, kuma an ce sunan wani da ya gudu ne a ciki, ɗan wajen Yekuwa. A wurinmu a lokacin, boko a bainar jama'a ba ya nufin komai sai kumandan na neman mutum. Ko ruwa yayana bai tsaya sha ba, ya juya. Wata biyu kafin rasuwarta ke nan.

Bai zage ni ba, bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya. Wannan ya fi yi mini ciwo. Na yi shekara talatin ina koyarwa da alli a hannu, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. Yayana ya iya ajami tun muna yara, a allo ɗaya muka koya. Ni ma na iya.