Sabon Kafet a Akori-kurar Malam

Waɗanda ke wurin ran nan su ne babban ɗana, wanda ke jan motar yanzu, da matarsa, da ƙanin maigidana, sai ni. Malam kansa yana kwance a asibiti a Malumfashi, an yi masa aiki a ƙafa saboda ciwon suga, washegari za a sallame shi. Ya aiko cewa shi ba ya shiga motar kowa. Akori-kurar da ta kai shi duk kasuwar da ya taɓa ci, daga Funtua har Dandume, ita za ta maido shi gida.

To amma ƙasan motar ya ruɓe. Tsohon kafet ɗin ya zama tsumma, ga tsatsa, ga zafin inji yana hurowa, alhali likita ya ce ƙafar nan ko ƙura kada ta taɓa. Mai walda ya toshe hujojin, ɗana ya sayo sabon kafet a Funtua. Kafet ɗin ya daɗe a ninke ƙarƙashin kaya a shago, duk ya yi kari, in an shimfiɗa shi sai tsakiyar ta tashi kamar kunyar dawa.

Ɗana ya ce, "Inna, in bai kwanta ba, shatar mota zan ɗauko gobe. Ba na jan mota abu na tokare min birki."

Gaskiyarsa ce. Amma na san Malam. In ya leƙo ya ga baƙuwar mota, zai ɗauka mun gama shawara a bayansa, shi da motar duk an jingine su.

Ƙanin Malam ya yi sana'ar bugu da ƙuruciya, kuma bai taɓa bari mun manta ba. Ya naɗe hannun riga ya ce, "A ba ni gungume da kulki, in buge shi kamar shadda."

Na ce, "Kai da kofin shayi ke rawa a hannunka?"

"Matar yaya, baƙin ciki kike yi. Matsa ki ga aiki."

Ya buga har ya yi gumi. Gashin kafet ya kwanta, kari na nan daram. Ɗana kuma ya zubo garwashi a dutsen guga ya ɗora a gefe guda na kafet ɗin. Kafin in buɗe baki warin roba ya cika gidan. Na karɓe dutsen na ajiye bayan turmi.

Mu da muka yi daɓen ɗaki mun san ƙasa ba ta kwanciya sai ta sha ruwa. Na sa aka kife kafet ɗin a simintin da muke shanya masara, bayansa na roba yana kallon rana, har ya yi laushi. Na tsoma tsintsiya a ruwan zafi na yayyafa. Ni da surukata muka tuɓe takalma muka bi karin da diddige, taku bayan taku, simintin na gasa mana tafin ƙafa. Sannan maza suka jera buhunan masara a kai har la'asar.

Duk karin ya kwanta, ban da na tsakiya. Shi sai da na jiƙa tsohon zane na rufa masa, na ɗora tukunyar ruwan zafi, ina matsar da ita kaɗan kaɗan. Ƙanin Malam ya tsaya a kaina yana cewa ai bugunsa ne ya karya masa ƙarfi. Na ce haka ne, Allah ya ƙara lafiya.

Da ɗuminsa muka shigar da shi mota. Ɗana ya ɗora tsohon kafet ɗin a kan sabon ya zana wurin giya, ya ɗauki reza.

Na ce, "Kai, yanka ƙarami. In bai isa ba ka ƙara. Abin da ka yanke ba ya dawowa."

Ya yi ta ƙarawa har ya zauna daidai, ya shafa gam, ya danne gefuna. Na durƙusa na zura hannu ƙarƙashin birki da totur, na shafa ko'ina. Sumul. Ya taka birki ya saki, ya sake takawa, ya dube ni ya ce, "An fasa shata."

Surukata ta fito da leda, wai a rufe sabon abu kada ya yi datti. Na ce ta mayar. Leda santsi gare ta, ba a ɗora ƙafar majinyaci a kai don a burge maƙwabta.

Da gari ya waye na dama kunu na zuba a fulas, na ninke bargon Malam. Na buɗe ƙofar gaba, na tuɓe takalmina, na ɗora tafin ƙafata daidai inda tasa za ta zauna. Na sa ɗana ya tada inji, na jira sai da ya yi zafi sosai. Ban ji komai ya huro ba. Na ja ƙofa na rufe, na ce masa mu je.