Fim ɗin da Na Kalla da Kunne

Duk Yelwa babu wanda ya kai ni sanin wannan fim ɗin, alhali damina guda ana nuna shi a gidanmu ban taɓa ɗora ido a kansa ba. Da kunne na san shi. Maigidana ne mai gidan bidiyon unguwarmu. A zaure ya jera bencuna, ya ɗora talabijin a kan tebur, ya rataya buhu a ƙofa don tare haske. Bango ɗaya ne tsakanin zauren da ɗakina. Mata ba sa shiga kallo. Ba wanda ya taɓa hana ni da baki, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Daminar da ta biyo bayan ba mu jihar Kebbi ce. Ina da goyo, ga babbar 'yata da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ga Inna, mahaifiyar maigida, da ƙafa ta fara gagara, ga kifin da nake ƙyafewa a tsakar gida ina ba 'yan sari. Ruwan da aka tare don a ba ƙasa wuta yana nan kusa da mu, a kansa masuntanmu suke yini, amma ita wutar ba ta cika sanin hanyar unguwarmu ba. Don haka janareta ne, an kuma rasa inda za a ajiye shi sai bayan madafina. Daga azahar yake fara kuka. Har yau in na gaji ƙwarai nakan ji shi a cikin kaina.

Kaset-kaset da yawa sun zo sun wuce, na Indiya da na 'yan Cana masu duka, amma wannan na Turawan ya zo ya yi kaka-gida. In maigida ya sa wani, sai zaure ya ɗauki ihu a mayar da na jiya. Ranar kasuwa kuwa mutanen gungu, tsibiran cikin ruwa, da na wajen Ngaski suna sauka daga jirgi da sunansa a baki. Ba na jin Turanci ko na sayen gishiri, amma na haddace shi kamar karatun allo. Na san inda mota take ƙugi, na san inda gilashi yake fashewa, na san wani mutum da kullum sai ya yi doguwar ƙara kafin ya faɗo daga sama, har na fara jin tausayinsa, bawan Allah, kullum shi ne. In an zo harbin tsakiya jaririyata takan zabura a bayana, in jijjiga ta hannu ɗaya na juya kifi. Na gaji da mutanen da ban taɓa gani ba fiye da yadda na gaji da waɗanda nake dafa wa tuwo.

Da an tashi kallon la'asar ba a watsewa. Akwai wani dakali a ƙarƙashin tagar ɗakina, nan manyan 'yan kallo suke zama su sake yin fim ɗin da baki. Mutum biyu ne suka riƙe musun. Ɗaya telan da shagonsa ke kallon gidanmu ne, siriri mai saurin magana. Ɗayan dillalin kifi ne mai kai kaya garuruwa, muryarsa kamar ana buga ganga a cikin rijiya. A kan babban ɗan wasan suke yi, wanda suke kira akta, kuma ban taɓa jin sun gaji ba.

Tela cewa yake ba komai ke ruɗin mutane ba illa rigar fatar da ke jikin aktan. "Ku tuɓe mai rigag ga ku gani, wallahi ɗan dako na." Dillali ya ce damtse fa? Tela ya ce damtsen banza, a ba shi filafili ya tuƙa kwalekwale daga nan zuwa Shanga in ya isa. Wani ya ce shi abin da ke burge shi, mutumin ba ya dariya. Wani ya ce ai rashin dariya ba jarunta ba ce, surukinsa ma ba ya yi. Ina daga ciki ina tsintar shinkafa, wani lokaci sai in ji na murmusa duk da gajiyata. Manya-manyan maza, wasu da furfura, suna neman shaƙe juna a kan Baturen da bai san an halicce su ba.

Amma duk inda aka zaga, ƙarshen fim ɗin ake dawowa. Daga bakinsu na ji yadda yake. Aktan ya gama da mugaye, ya ceto wata mata da ɗanta, ya mai da su gidansu. Matar ta roƙe shi ya zauna. Sai ya ɗauki jakarsa ya kama hanya, ko waiwaye bai yi ba. Ni abin da ke iso mini ta bango a wurin nan kaɗan ne: muryar mace a hankali, sai takun takalmi a kan tsakuwa, sai kiɗa.

Tela ya ce wannan wauta ce tsantsa. "An ba ka gida, an ba ka mata, ga yaro ya saba da kai, kac ce sai daji. Mi ka aje cikin dajin?" Dillali ya ce a nan ne ma mutumin ya cika namiji, don da ya zauna, da wata uku za a same shi yana cinikin kayan miya.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. In ya shigo cikin gida, ya ci, ya yi salla, sai barci. Abin da na sani na zuciyarsa, rabinsa a dakalin nan na ji shi. A farkon damina bayan tela yake goya. Da kunnena na ji ya ce, "Ni dai ban ga wayo ba ga wanda ab bar tuwo da zahi ya tahi neman wanda ba a girka ba." Ranar har man shanu na ƙara masa a miya, bai san dalili ba.

To a lokacin ba a maganar komai a gari sai Birnin Kebbi. An ce an kwaso ma'aikata daga Sakkwato an zube su can, yawancinsu ba iyali, in sun tashi ofis ba su da wurin zuwa sai gindin bishiya. Dillali yana kai kifi can, kullum ya dawo da sabon labari. Ya ce mai bidiyo ɗaya da ya gani, mutane har ta taga suke leƙe. Ba ga maigidana yake faɗa kai tsaye ba, ga jama'a yake faɗa, amma na san inda yake jifa. Mu kuwa a Yauri, jihar ta zo ne ba ta zo ba. Da can Sakkwato ta yi mana nisa, yanzu Birnin Kebbi ta yi mana nisa, hanyar ma in an yi ruwa sai wanda Allah ya fitar.

Maigida bai ce mini komai ba. Amma sai na lura ya daina sa baki in an zo kan ƙarshen fim. Tela ya yi ta janyo shi, "Mai bidiyo, hwaɗa masu," shi kuwa sai ya ce bari ya duba mai a janareta. Ruwa ba ya tsami banza. Na shiga kasa kunne fiye da da, ina jin haushin kaina, mace da aikinta ta koma laɓe a gindin taga.

Da gero ya fara fitar da kai, wata rana na ji maigida ya ce, "Ai ba mu san abin da ag ga ranai ba. Wataƙila in ya zauna shi zame masu kaya." Tela ya yi salati. Bayan 'yan kwanaki kuma, ana yayyafi, mutane sun ragu a dakalin, na ji maigida ya ɗauki magana mai tsawo irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce mutum yana iya son gida ya bar shi. Ya ce akwai zaman da in ka yi shi, kana nan kana kallo za ka tsufa a kan benci ɗaya, 'ya'yanka su taso su tarar da kai inda ubanka ya bar ka. Ya ce da aktan ya tsaya yi wa matar bayani, da ba zai iya tafiya ba, shi ya sa bai waiwaya ba. Dillali ya ce, "Yau ka yi magana."

Ina tsaye da ludayi a hannu. Na san muryar mijina in yana maganar fim, wannan ba ita ba ce. Na ji tsoro, na kuma ji ciwo, ciwon ma ya fi tsoron, don a ce labarin da ya shafi kwanana da tashina sai an bi da shi ta kan wani Bature mai rigar fata kafin ya iso ni.

Da ya shigo na gwada shi. Na ce, "Malam, na ji yau ka sauya sheƙa, ka koma wajen dillali." Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai kan kwano. "Hirar him ta hwa," in ji shi.

Na kai wa Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana murza ƙafa da man zafi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, namiji ba ɗan goyo ba na. Ubanai ma haka yat tahi Ikko, da sahe nij ji ga maƙwabta." Ba ta faɗa don ta ba ni haƙuri ba, faɗa kawai ta yi, kamar mai ba da labarin farashin gero. Na fito daga wurinta na fi shiga gajiya.

Na jira ya faɗa. Kwanaki suna ta wucewa, janareta na kuka, mutumin nan na faɗowa daga sama, aktan na taka tsakuwarsa yana tafiya, sau biyu a yini. Maigida yana shigowa yana fita, ya buɗe baki kamar zai yi magana sai ya tambayi ina butarsa. Jiran ya fi ƙarfina. Wata safiya da rana ta fito na kwaso kayansa duka na wanke, har da babbar rigar da ba ya sawa sai Juma'a. Na daka yaji na cika kwalba, na zaɓi kifi masu kyau na ƙara musu wuta don su jure hanya. Ya shigo ya tarar ina ninke wanduna a kan tabarma. Ya daɗe tsaye.

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Kai."

Ya zauna a bakin gado. Ya ce jibi ne, dillali ya samar masa shago kusa da masaukin ma'aikata, a motar kifi za su tafi. Ya ce in abubuwa sun zauna zai zo ya ɗauke mu. Ya ce Inna ba ta iya doguwar tafiya, dole wani ya tsaya da ita tukuna. Duk ya faɗa yana kallon kwalbar yaji. Ban yi kuka ba, ba don jarunta ba, ƙarfin yin sa ne babu. Na ce abu ɗaya nake so kafin ya kwance kayan kallon, ya nuna mini ƙarshen fim ɗin nan. Ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron wandonsa, amma ya ce to.

Washegari da hantsi, zaure ba kowa, ya ta da janareta. Na shiga da goyona na zauna a bencin gaba. Wurin yana warin zufa da ɓawon gyaɗa, na yi mamakin ƙanƙantarsa, don ta bango ji nake ya kai fili. Ya tura kaset ɗin gaba har wajen ƙarshe.

Gani ya kori ji. Ashe aktan ba wani dogo ba ne, fuskarsa ma duk a kumbure, ido ɗaya a rufe, ga shi ya fara sanƙo. Wannan ne aka hana ni sakat saboda shi damina guda. Rigar dai tana da kyau, tela bai yi ƙarya ba.

Amma ba a kansa idona ya tsaya ba. Matar tana tsaye a bakin ƙofa, yaron ya riƙe mata siket. Ba kyakkyawa ba ce can, siririya ce, gashinta a hargitse, a hannunta akwai tsumman goge kwano da ta manta ba ta ajiye ba. Bayanta ana hango gidan da aka yi faɗa a ciki, taga a fashe, kujeru a kife. Ta yi maganar nan da na saba ji a hankali. Ya ɗauki jaka. Sai hoton ya bar ta ya bi shi, ya yi ta bin bayansa a kan hanya har ya zama ɗan ƙarami, kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa.

Na jira a dawo kanta. Rubutu ya yi ta hawa har allon ya yi baƙi. Duk zaman da aka yi a dakalin nan, duk rantse-rantsen da aka sha, ban taɓa jin mutum ɗaya ya ce ga abin da ta yi bayan nan ba.

Na ce, "Ita hwa?"

Yana durƙushe yana zare wayoyi a bayan talabijin. "Wa?"

"Matar. Da ita da yaron, da gidan ga da anka farfasa."

"A'a," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ai nan him ɗin yaƙ ƙare."

Ya fita ya kashe janareta, ya dawo da buhu a hannu. Ya naɗe bidiyon a cikin tsohon bargo, ya ɗaga shi da hannu biyu, ya waiga yana neman wanda zai taimaka masa. Babu kowa a zauren sai ni.

"Riƙe mani bakin buhun ga," ya ce.

Na gyara goyona, na tashi na riƙe.